Shekara shida da gara ta ci: yadda muka kwashe da teburin 'yan ritaya na kamfanin fanshona

Ni akanta ne, ko in ce da can akanta ne, don tun watan Maris na 2023 na miƙa makullan ofis na dawo gida. Shekara 35 na yi ina duba takardun mutane, ina mayar musu da su in sa hannu ɗaya ya yi ɓatan dabo. Ban san adadin 'yan kwangilar da na ce wa su je su dawo ba, don kawai kwanan watan da ke kan rasit bai zo ɗaya da na bauca ba. To, wanzami ba ya son jarfa. Ranar da wata yarinya sa'ar 'yata ta biyu ta turo min fayil ɗina ta kan tebur ta ce, "Baba, akwai gyara," sai na ji kamar an sheƙa min ruwan randa da asuba.

Ra'ayina zan faɗa a kan hidimar da kamfanin da ke kula da asusun fanshona ya yi min, musamman sashensu na masu shirin ritaya a reshensu na Kano. Ba zan kama sunan kamfanin ba. Ƙanne da 'ya'yan abokai da ke aikin tarayya sun ishe ni da tambaya, kowa sai ya tare ni a bakin masallaci ko wajen ɗaurin aure, shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya in huta.

Na kama aiki ran 1 ga Maris 1988 da gwamnatin tsohuwar jihar Kano, ina da shekara 22, da 'yar difloma ta a hannu. Aka tura ni Haɗejiya, wanda dama can ne gida. A watan Agusta na 1991 Janar Babangida ya yanko Jigawa daga Kano, mu 'yan can aka tattara mu da fayilolinmu aka ce kowa ya nufi Dutse. A 1994 na samu gurbi a wata ma'aikata ta tarayya. Ban ajiye aiki ba, canji na nema: jiha ta sake ni a rubuce, tarayya ta karɓe ni a rubuce, shekaruna shida suka biyo ni. Takarda biyu ke nan, ta saki da ta karɓa. Na ninke su na sa a wata tsohuwar akwatin ƙarfe tare da takardun makaranta, ban sake waiwayarsu ba.

Ƙa'idar aikin gwamnati kowa ya san ta, shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, wadda ta riga zuwa ita ke ɗauke ka. Akwai waɗanda aka ware, kamar farfesoshin jami'a da ke kai wa 70, da malaman makaranta waɗanda dokar da Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta kai su 65 ko shekara 40 ta aiki. Mu masu biro da kalkuleta muna nan kan tsohon ma'auni. An haife ni 1966, da shekarun haihuwa za a bi da sai 2026 zan tafi. Amma ofishinmu bai manta da 1988 ba. Suka ƙirga tsaf, suka ce Maris 2023 ne. Ban yi gardama ba, gaskiyarsu ce, kuma na san wanda ya wuce ranarsa a kan kujera albashin da ya ci bayan nan bashi ne a kansa, za a zare.

Ga inda gizo ke saƙar. Duk wanda ya fara aikin tarayya kafin 2004 kuma ya wuce 2007 yana aiki, rayuwarsa ta aiki gida biyu aka raba ta. A watan Yuni na 2004 Obasanjo ya sa hannu a dokar da ta kawo tsarin karo-karo, wanda wasu ke kira adashen gata. Daga nan aka fara yanke kashi 7.5 cikin ɗari na albashinka, gwamnati ta ɗora 7.5, a zuba a asusu mai sunanka. Dokar 2014 ta zamanin Jonathan ta mayar da shi 8 daga ma'aikaci, 10 daga wanda ya ɗauke shi. Wannan ɓangaren babu ruwansa da ƙirgen shekaru, abin da ya shiga asusun da ribar da ya haifa shi ne naka. Waɗanda ya rage musu shekara uku ko ƙasa da haka a 2004 an bar su a tsohon tsari, su ne yanzu ke hannun PTAD, hukumar da ke biyan 'yan fanshon tarayya na tsohon tsari. Mu da muka faɗo tsakiya kuwa, shekarun da muka yi kafin ƙarshen Yunin 2004 ba a zubar da su ba, an ce haƙƙi ne da ya taru, za a yi lissafinsa a zuba mana a asusun in mun zo tafiya. Wannan lissafin yana tsaye ne a kan 'yan abubuwa kaɗan: ranar haihuwarka, ranar da ka fara aiki, da matakin albashi da rukunin da kake kai a Yunin 2004.

Ranar da ka fara aiki. Nan na yi wa kaina sakiyar da babu ruwa. A 2006 ma'aikatan kamfanin suka zo ofishinmu da fom-fom, ana ta raba biro da kalanda. Aka zo gurbin ranar fara aiki, na rubuta 1994, don a tunanina aikin tarayya ake tambaya. Na sa hannu, na karɓi kalandata, na koma kan aikina. Shekara 16 wannan kuskuren yana kwance a kwamfutarsu, babu wanda ya taɓa shi.

A 2022 aka ce masu tafiya a 2023 su yi rajistar tantancewa. Da can Hukumar Fansho ta Ƙasa, wato PenCom, ita ke zagayawa shiyya-shiyya, tsofaffi su yi ta layi. Daga 2021 aka mayar da abin ta intanet, kai ko jami'in fansho na ma'aikatarku ku ɗora takardu, sannan ka ɗauki na ainihi ka kai wa kamfaninka ya gani da ido ya tabbatar. Wannan sauyin ni dai na yaba da shi. Na tuna yadda wani ogana ya kwana biyu a Kaduna kan benci don wannan tantancewar, ni kuwa adaidaita sahu ɗaya ya kai ni.

Ofishin nasu a bene yake, hawa na biyu, kuma babu lifta. Wanda ya zaɓi wannan wurin don karɓar mutanen da mafi yawansu sun haura 55, wasu da sanda, wasu da ciwon gwiwa, Allah Ya shirye shi. A ranar farko na ga an tallabo wata baiwar Allah mataki-mataki, ana hawa tana hutawa. In ka samu ka kai sama kuwa, babu laifi. Akwai sanyin na'ura, kujerun suna da makari, akwai ruwan sha, mai gadi na ba da lamba kuma ba ya tsallake kowa don ya ga babbar riga. Akwai ɗan lungu da aka shimfiɗa darduma, da buta a banɗaki. Na iso ƙarfe tara da rabi, aka kira ni sha ɗaya saura.

Yarinyar da na ambata ta karɓi takarduna ɗaya bayan ɗaya tana dubawa: takardar rantsuwar shekaru, takardun ƙarin girma, takardar gabatarwa daga ma'aikata, kundin tarihin aiki, takardun albashi na wasu shekaru da aka ƙayyade, lambar NIN. Sai ta tsaya. Ta dubi allon kwamfuta, ta dubi kundin, ta sake duban allon.

"Baba, a wajenmu 1994 ka fara aiki. A nan kuma an rubuta 1988."

Na ce mata 1988 ne, na ba ta labarin Haɗejiya da Dutse. Ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba, sannan ta ce, "Na yarda da kai, Baba. Amma ina takardar ɗaukarka aiki ta jiha, da shaidar canjin aikin?"

Na ce suna gida. Na koma gida da ƙwarin gwiwa, na sa yara suka jawo akwatin daga ƙarƙashin tarkacen ɗakin ajiya. Muna buɗewa ƙasa ta zubo. Gara ta shiga ta ƙasan da ya yi tsatsa, ta yi gini a ciki. Takardun makaranta da ke cikin leda sun tsira. Na aikin jiha, da na ninke na sa a ambulan ɗin kaki, abin da ya rage bai fi tafin hannu ba, kan takardar ne da tambarin gwamnati da rabin lambar fayil. Uwargida ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ce komai ba, wanda ya fi min ciwo a kan ta yi magana, don ta sha cewa in fito da kayan nan a shanya.

Washegari na koma da guntun a hannuna, raina a ɓace, kuma na ɗaga murya fiye da yadda ya kamata. Abin da na ce mata har yau ina ganin akwai gaskiya a cikinsa. Na ce, "'Yata, da aka tashi sallamata babu wanda ya ce in kawo shaidar 1988. Da ita aka ƙirga min 35 aka ce in tafi ina da shekara 57. Yanzu da aka zo biya, ita ce kuma ba a sani ba sai na kawo takarda?" Shekarun nan shida sun ci min albashin shekara uku da zan ƙara kafin in cika 60. In har za su yi aiki wajen fitar da ni, ai ya kamata su yi aiki wajen cika min aljihu.

Ba ta yi fushi ba, ba ta kuma ba ni haƙurin nan na fatar baki da ake yi wa tsoho don ya tashi ya ba da wuri ba. Ta jawo farar takarda ta zana layi, ta rubuta 1988 a wannan bakin, 2004 a wancan. Ta ce su kamfani ba su ke lissafin haƙƙin shekarun baya ba, kuma ba su da ikon ƙara rana ɗaya ko rage ta, aikinsu su ga takarda su shaida cewa sun gani. In ta tura bayanina da rana biyu masu karo da juna, ko dai a dawo da shi bayan watanni, ko a tafi da wadda ke da takarda a bayanta, wato 1994. Ta ce, "Gara ka ji haushina yau, Baba, da ka zo kana jin haushin kanka shekara goma."

Da na koma gida na zauna na yi lissafin da kaina, don in san nauyin abin da nake bi. Tsohon jadawalin fansho, bayan gyaran 1992, na haddace shi tun ina ƙaramin akawu. Mai shekara 10 yana da fansho kashi 30 cikin ɗari na albashinsa, da garatuti na albashin shekara guda cif, wato kashi 100. Kowace shekara da ta ƙaru tana ɗora 2 a kan fansho, 8 a kan garatuti, har a kai shekara 35 inda ake tsayawa a 80 da 300. Daga 1994 zuwa 2004 shekara 10 ke nan: 30 da 100. Daga 1988 kuwa 16: 42 da 148. Masu lissafin hukuma suna da nasu ma'aunin da ya fi wannan zurfi, amma ko a wannan na kan gwiwa ka ga abin da gara ta so ta cinye min. Na ajiye biro na ce gobe sai Dutse.

Damina ce, kuma ta 2022 ba a manta da ita a Jigawa ba, ruwa ya yi ɓarna ƙwarai. Na bi ta Wudil na karya a Kwanar Huguma. Sau uku na yi wannan tafiyar. Mutanen ofishin ajiyar fayiloli na jiha sun karɓe ni da mutunci, sai dai yawancinsu ba a haife su ba lokacin da na bar wurin, kuma neman fayil ɗin wanda ya tafi shekara 28 da suka wuce, wanda aka buɗe a wata jiha aka rufe a wata, ba aikin yini ɗaya ba ne. Guntun nan mai rabin lamba shi ya yi rana. Wani dattijon masinja da ya kusa tafiya shi ma ya karɓa ya juya shi, ya ce irin wannan lambar ta fayilolin da aka kwaso daga Kano ce, ya san ɗakin da suke. A zuwa na uku ya fito min da shi ɗaure da jan zare, ƙura ta yi masa riga. A ciki akwai kwafin takardar ɗaukata aiki, da hotona ina da suma, da kwafin takardar saki. Na tsaya ina kallon yaron da ke hoton har masinjan ya ce, "Yallaɓai, a buga kwafi ko?" Ita kuma takardar karɓa, jami'in fansho na ma'aikatarmu ya tono ta a fayil ɗina na Abuja. Aka buga wa kowacce hatimin tabbatarwa.

Da na kawo, gyaran bai ɗauki yarinyar nan minti 40 ba. Ta sa na cike fom na sabunta bayanai, aka ɗauki hotona da zanen yatsuna, ta juyo min da allon ta ce in karanta kowane layi da bakina kafin ta tura. A nan ma muka kama wani, an rubuta min rukuni na 4 a Yunin 2004 alhali takardar albashina ta nuna na 6. Ta gyara, ta ba ni takardar shaidar rajista, ta ce in yi mata hoto da waya tun kafin in sauka daga benen.

Zaman benci ya nuna min cewa tawa mai sauƙi ce. Akwai wata Hajiya, ma'aikaciyar jinya, da ta ajiye aiki ta bi maigidanta wata jiha, bayan shekara biyu ta sake samun aikin gwamnati. Ita a ranta duk aiki ɗaya ne. A takarda kuwa aiki biyu ne da rami a tsakani, kuma haɗe su sai da izinin ofishin Shugaban Ma'aikata, abin da ya kamata ta nema tun tana da ƙarfin zirga-zirga. Akwai wani direba da ya ce ya yi shekara bakwai ana biyansa kullum-kullum kafin a ba shi takardar dindindin, yana ta rantsuwa cewa kowa a garejin ya san shi tun lokacin. Kowa ya san shi, amma takardarsa ta farko ranar da aka tabbatar da shi take ɗauke da ita. Sai wani malami mai ranar haihuwa uku, ɗaya a fayil, ɗaya a NIN, ɗaya a banki. Shi kam dariya yake ta yi, ya ce mahaifiyarsa ta ce masa dai shekarar da aka yi fara aka haife shi, sauran duk aikin akawuna ne. Dukanmu babu wanda bai yi aikin ba. Abin da ya raba mu shi ne wa ke da takarda.

Wannan ya kawo ni babban ƙorafina a kan kamfanin, kuma ba ƙarami ba ne. Shekara 16 suna turo min saƙon waya. Barka da Sallah, barka da sabuwar shekara, barka da zagayowar ranar haihuwa, ga abin da ke asusunka a wannan zangon. Ko sau ɗaya ba a ce, "Malam, ga ranar fara aikin da muke da ita, duba ko daidai ne." Sun san shekaruna, tunda da aka kawo tsarin rarraba asusun fansho gida-gida, kowanne da yadda ake juya kuɗinsa, a 2018 su da kansu suka sanar da ni cewa an sa ni a asusu na uku, na waɗanda suka kai 50. Wanda ya san ka kai 50 ya san ka kusa. Da a lokacin suka kira ni suka ce in kawo takarduna a duba, da na buɗe akwatin nan shekara huɗu kafin ranar, wataƙila ma kafin gara ta gama aikinta. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma teburin nasu sai ranar tafiya yake buɗe maka. Laifin fom ɗin 2006 nawa ne, na ɗauka. Amma wanda ya tsara fom ya rubuta "ranar fara aiki" bai bambance ta farko da ta wurin da kake yanzu ba, a ƙasar da dubban ma'aikata suka yi canji tsakanin jiha da tarayya, shi ma yana da kasonsa.

Layin wayarsu kuwa kada ka ɓata katinka. Sau biyar na kira, sau biyu aka ɗauka, duka biyun aka ce in je reshe mafi kusa. Babu mai jin Hausa a layin a ranakun da na kira. Ni ban damu ba, amma direban nan fa? Manhajarsu ta waya tana nuna kuɗin da ke asusu daidai, har da watannin da aka zuba da waɗanda ba a zuba ba, wannan ya yi. Bayanan aikinka ne ba ta nunawa, waɗanda su ne za su iya kayar da kai.

Wani abin da ban ji daɗinsa ba: tun 2021 aka fito da asusu na shida, wanda ba a juya kuɗinsa ta hanyar ruwa, ga wanda yake so. A bakin wani abokin benci na ji, ba a bakinsu ba. Da na tambaya suka yi min bayani sosai suka kawo fom. A gari irin Kano wannan ai abin da za a manna a ƙofar shiga ne da manyan baƙaƙe.

Sai jira. Na ba da sanarwar wata uku, na fita a Maris 2023, albashi ya tsaya cak. Lokacin ana tsakiyar wahalar takardun naira, ran 29 ga Mayu kuma aka cire tallafin mai. A lokacinmu ba a taɓa asusun sai kuɗin shekarun baya sun shigo an haɗa, don haka kuɗina na karo-karo ina ganinsu a waya kamar nama a bayan gilashi. Nan dole in yi wa kamfanin adalci. Wannan kuɗin ba a hannunsu yake ba, sai wanda ka yi wa aiki ya saki. Kai, ko na asusun ma ba su ke riƙe da shi ba, doka ta raba, su ke juyawa, wani kamfanin dabam ke ajiya. Duk wata nakan leƙa, yarinyar nan ta ce min, "Baba, ba su iso kan watanku ba." Ba ta taɓa ce min mako mai zuwa ba alhali ta san ba haka ba ne. Wanda ya taɓa bin haƙƙinsa a ofis ya san darajar wannan. Na sayar da filina na hanyar Gumel, na koma rubuta wa 'yan kasuwa biyu lissafinsu a Kwari, da haka aka ci tuwo. Sai ƙarshen 2024 kuɗin suka shigo. Na ji daga baya, a 2025, gwamnati ta amince da takardun lamuni na naira biliyan 758 don sauke basussukan fansho. Allah Ya sa na bayanmu su same shi da sauƙi.

Da kuɗin suka iso aka zaunar da ni zaɓi. Za a ba ka wani kaso a dunƙule, ragowar kuma ko kamfanin ya riƙa biyanka wata-wata daga asusunka, ko ka miƙa wa kamfanin inshora ya biya ka har ƙarshen rai. Tun daga ƙasan bene dillalan inshora ke tare mutum, kowa da 'yar takardarsa mai sheƙi. Na zaci kamfanin zai ja ni ɓangarensa, tunda in na tafi inshora sun rasa ni. Wani saurayi ne ya yi min bayanin, ya faɗi na kowa. Na inshora ba ya ƙarewa ko ka kai shekara ɗari, amma lamuninsa ga magada shekara goma ne, in ka rasu bayan nan babu abin da ya rage musu, kuma in ka shiga ba ka dawowa. Na wata-wata kuwa abin da ya saura a asusu na magada ne, kuma kana iya komawa inshora daga baya in ka ga dama. Ina da 'ya'ya tara, huɗu ba su gama makaranta ba. Na zaɓi na wata-wata. Abin da aka ba ni a dunƙule bai kai yadda na ƙiyasta ba, na kuma faɗa musu, suka nuna min yadda na'urar ta raba, na ga ba su da hannu a ciki. Tun daga lokacin alat bai taɓa saɓa wata ba. Ko ya isa ko bai isa ba, wannan zance ne na kasuwar Dawanau, ba nasu ba.

Masu tambayata ko su sauya kamfani, tunda tun Nuwamban 2020 an buɗe ƙofar sauyawa sau ɗaya a shekara, abin da nake ce musu shi ne ni ban sauya ba. A ma'aunina, mutanen da ke kan teburin sun ci takwas cikin goma, tsarin da ya zaunar da su a wurin bai wuce huɗu ba. Kuma sauya kamfani ba ya gyara ranar da ka rubuta ba daidai ba, tana bin ka duk inda ka je. Ɗan ƙanena da ke aiki a Abuja, wanda ya fara da koyarwa a ƙaramar hukuma kafin ya koma tarayya, na sa shi ya je reshensu ya ce a buga masa duk bayanan da suke da su a kansa. Saura shekara tara ya tafi. Ya kira ni da daddare ya ce, "Baffa, ni ma ta biyun suka rubuta."

Bayan Sallah ƙarama na sayi turmin atamfa na hau benen nan, ina hutawa a kowane hawa, don in kai wa yarinyar. Na tarar da wani a kujerarta. Aka ce an mayar da ita reshen Gusau. Saurayin ya ce ko da tana nan ba za ta karɓa ba, an hana su. Na sauko da atamfata a hammata, uwargida ta ɗinka.